KAFIN YARO YA HAYE TEKU: AMANAR RIƘON MARAYA A ƘASAR WAJE

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (S.W.T.) wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya sanya masa dangi na jini da na aure. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), wanda ya tashi a maraya, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



A yau da wuya a sami gida a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a Ankara, ko Aboabo da Asawase a Kumasi, wanda ba shi da wani nasa a ƙetare. Wani yana tuƙa tasi a unguwar Bronx ta birnin New York, wani yana aikin dare a Hamburg, wata kuma tana jinyar tsofaffi a Landan. To, ranar da mutuwa ta faɗo gida, aka rasa magidanci ya bar ƙananan 'ya'ya, da zarar an yi addu'ar arba'in sai dangi su zauna su ce, ai wane yana Turai, ya ɗauki ɗaya daga cikinsu. Akwai kuma ma'auratan da suka shekara goma a can Allah bai ba su haihuwa ba, zuciyarsu ta karkata ga ɗauko maraya daga gida. Duka biyun niyya ce ta alheri. Amma kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wa mutum nauyin tambaya: shin ya dace a cire yaro daga cikin danginsa da harshensa a kai shi wata ƙasa? In ya dace, wane shiri ne ya wajaba a kan gidan da zai karɓe shi, alhali gidan yana fama da haya da aiki da makarantar yara?

Da yawa daga cikinmu gobe su ne za a ɗora wa wannan kaya, wasunmu kuma su ne yaran da aka taɓa ɗauka. Saboda haka maganar tamu ce.

RIƘO BA BAƘON ABU BA NE A GARE MU

Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne. Tun kakanninmu suna fataucin goro tsakanin Kano da Salaga ake ba da yaro riƙo. Ana ba wa kaka jika ya ɗebe mata kewa, ana ba wa gwaggon da ba ta haihu ba 'yar ɗan uwanta ta raina har ta aurar, ana kai yaro gidan malami ya yi karatu. Wata Ba'amurkiya mai binciken al'adu, Enid Schildkrout, ta zauna a zangon Kumasi, ta yi rubutu a kan riƙon yara a cikinsa, ta kuma fitar da littafi a kan mutanen zango a 1978. Wato abin ya yi yawa a cikinmu har baƙo ma ya lura da shi.

A tarihin Musulunci kuwa, Manzon Allah (S.A.W.) kansa a hannun mariƙa ya tashi. Mahaifinsa ya rasu tun yana ciki, mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara 6, kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi har ya kai 8, daga nan baffansa Abu Ɗalibi ya karɓe shi. Da fari ya tsananta a Makka, shi ma ya ɗauki Sayyidina Aliyu (R.A.) ya riƙe don ya rage wa baffansa nauyi. Nana Maryamu a hannun Annabi Zakariyya (A.S.) ta tashi, kamar yadda ya zo a Suratu Ali Imrana. Bukhari kuma ya ruwaito cewa Manzo (S.A.W.) ya yi nuni da manuniyarsa da ɗan yatsansa na tsakiya don ya nuna kusancinsa da mai riƙon maraya a Aljanna.

Sai dai riƙon da muka gada yana da wata kariya da ba mu cika lura da ita ba. In an kai yarinya daga Ankara zuwa Kumasi, uwarta za ta iya shiga mota da safe, kafin la'asar ta ga idon 'yarta. In mariƙiya ta matsa mata, maƙwabta suna gani, labari zai kai ga mai unguwa ko liman. Kowa a unguwa ya san sunan uban yarinyar. Zumunta a ƙafa take, ƙafar kuwa tana iya zuwa. Da zarar teku ta shiga tsakani, duk wannan ya faɗi. Uwa ba ta da biza, maƙwabci bai san harshen yarinyar ba, takarda kuma ita ce ke faɗin ko 'yar wace ce. Shi ya sa ba za mu ɗauki hukuncin riƙon cikin gari mu ɗora wa riƙon ƙetare ba tare da ƙarin tunani ba.

ABIN DA SHARI'A TA HANA DA ABIN DA TA KWAƊAITAR

Labarin Zaidu ɗan Harisa (R.A.) shi ne ginshiƙin wannan babi. Yaro ne daga ƙabilar Kalbu, aka kama shi aka sayar a kasuwar Ukaza, ya faɗo hannun Nana Khadija (R.A.), ta ba wa Manzo (S.A.W.) shi. Da mahaifinsa da baffansa suka sami labari suka zo Makka da fansa, Manzo bai ɓoye yaron ba, bai kuma ce ya riga ya zama nasa ba. Sai ya kira Zaidu ya ba shi zaɓi a gaban ubansa. Zaidu ya zaɓi zama, Manzo ya ɗaukaka shi, mutane suka riƙa kiransa Zaidu ɗan Muhammadu bisa al'adar Larabawa ta wancan lokaci. Daga baya a Madina ayoyi na 4 da na 5 na Suratul Ahzab suka sauka, suka soke wannan al'ada, suka yi umurni a jingina kowane yaro ga mahaifinsa. Zaidu ya koma ɗan Harisa, amma matsayinsa a zuciyar Manzo bai ragu da ƙwayar zarra ba.

Daga nan malamai suka rarrabe abu biyu. Akwai tabanni, wato mayar da ɗan wani naka ta hanyar shafe asalinsa, wannan haramun ne. Akwai kuma kafala, wato ɗaukar ci da sha da sutura da tarbiyya da ƙaunar yaro alhali nasabarsa tana nan, wannan kuwa yana daga cikin manyan ayyukan lada. Hikimar a bayyane take. Yaron da aka shafe asalinsa zai iya girma ya auri 'yar uwarsa bai sani ba. Zai ci gadon da ba nasa ba, ya rasa wanda yake nasa. Kuma ranar da ya gano gaskiya, sai ya daina yarda da duk abin da mariƙansa suka taɓa gaya masa, har da addini.

Shari'a ba ta bar mariƙi babu mafita ba. Ta fuskar dukiya, yana iya yi wa yaron kyauta tun yana raye, yana kuma iya yi masa wasiyya har zuwa sulusin abin da ya bari, matuƙar dai yaron ba magajinsa ba ne ta wata hanya. Ta fuskar muharramaka, in jariri ne ana iya shayar da shi. A mazhabar Malikiyya da muka karanta a Risala, duk nonon da ya isa cikin jariri a cikin shekara biyun farko yana haramta aure ko da tsotso ɗaya ne, Shafi'iyya kuwa suna sharɗanta shayarwa biyar. In yaro ya wuce shekarun shayarwa, to sai a san matsayin kowa. 'Yar ɗan uwan maigida muharramarsa ce tun asali, amma ɗan ɗan uwansa ba muharramin uwargida ba ne, kuma aure ya halatta tsakaninsa da 'yan matan gidan. Wannan kaɗai ya isa ya shiga lissafin ɗakunan kwana tun kafin yaron ya iso.

DOKOKIN ZAMANI DA DALILINSU

Yawancinmu muna kallon dokokin ɗaukar yaro zuwa waje a matsayin wahalarwar Turawa. Ya kamata mu san inda suka samo asali. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Gana ce ƙasar farko da ta tabbatar da ita a 1990, ta ambaci kafala ta Musulunci da sunanta a sashe na 20 cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyali. A 1993 aka ƙulla wata yarjejeniyar a birnin Hague na ƙasar Holan a kan ɗaukar yara tsakanin ƙasashe. Tushenta shi ne kada a fitar da yaro sai an duba ko akwai mafita gare shi a ƙasarsa, kada kuma a sayi yardar iyaye da kuɗi. Gwamnatin Gana ta dakatar da ba da yara a 2013 saboda ɓarnar da ta gano a harkar, ta gyara Dokar Yara ta 1998 a 2016, yarjejeniyar Hague kuma ta fara aiki a ƙasar ranar 1 ga Janairu 2017, tare da hukuma guda ta tsakiya wadda duk takardun ke bi ta hannunta.

Ɓarnar kuwa ba tatsuniya ba ce. A watan Oktoba na 2007 aka kama wasu Faransawa 'yan wata ƙungiyar agaji a garin Abeshe na ƙasar Cadi suna shirin tashi da yara 103 a jirgin sama, da sunan marayun Darfur ne. Da aka bincika sai aka tarar mafi yawansu 'yan Cadi ne kuma suna da iyaye ko dangi a raye. Ƙungiyar Save the Children ta ce a rahotonta na 2009 aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su. Saboda irin wannan ne Habasha ta haramta ba wa baƙi yara a 2018, Sin ma ta rufe ƙofarta a 2024 sai ga dangi na kusa. Yaran da aka shigar Amurka ta wannan hanya sun kai kusan 23,000 a 2004, amma a 2023 ba su kai 1,300 ba.

To, ga tambayar da ke damun mai tsoron Allah. Amurka ba ta ba yaro biza ta hanyar Hague sai mai neman ɗan ƙasa ne, an kuma shigar da takarda kafin yaron ya cika shekara 16, sa'annan dole maganar ta ƙare da hukuncin kotu wanda a idon dokarsu ya mayar da yaron ɗa. Shin sa hannu a wannan takarda tabanni ne? Malamai sun saɓa. Wasu sun hana gaba ɗaya. Wasu da dama sun ce abin dubawa shi ne haƙiƙa: in yaron ya san ubansa, an bar masa sunan ubansa, an kiyaye hukuncin aure da na gado, to takardar hanya ce kawai ta samar masa izinin zama da asibiti da makaranta. Mu a ganinmu fahimta ta biyu ta fi kusa da manufar Shari'a, amma da sharaɗin a cika waɗannan abubuwa a aikace. Kuma ƙasashe ba ɗaya ba ne. A Ingila da mafi yawan jihohin Amurka mutum yana da 'yancin rubuta wasiyya ya raba dukiyarsa bisa Shari'a, amma a Jamus da Faransa doka ta ware wa 'ya'ya kaso na tilas, ɗan da kotu ta ba ka kuwa yana cikinsu. Ingila kuma ta ƙirƙiro wani nau'in waliccin musamman a dokarta ta 2002, wanda ba ya yanke alaƙar yaro da iyayensa. Don haka a zauna da malami, a kuma zauna da lauyan ƙasar da ake ciki, kafin a sa hannu.

ƘARYAR TAKARDA

Mu faɗa wa juna gaskiya. Hanyar da ta fi yawa a cikinmu ba ta kotu ba ce. Ita ce a je a yanko sabuwar takardar haihuwa, a rubuta cewa yaron ɗan cikin wane ne, a yi masa fasfo a kan haka. Masu yin haka suna da hujjarsu, kuma hujjar tana da nauyi. Suna cewa hanyar doka tana cin shekaru da kuɗi, yaro kuma yana can yana gararamba, baƙin tawada a kan farar takarda ba zai canza jini ba, Allah kuma Ya san niyya.

Amsarmu ita ce, wannan ƙarya ba mariƙi kaɗai ke yin ta ba, yaron ake tilasta wa ya rayu da ita. Za a zaunar da ɗan shekara 7 a koya masa cewa in an tambaye shi a ofishin jakadanci ya ce kawunsa ne ubansa. A makaranta zai maimaita, a asibiti zai maimaita, ranar aurensa takarda za ta maimaita. Alhali Bukhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya jingina kansa ga wanin ubansa yana sane. Wato don gudun tabanni na kotu, wanda ko kaɗan yana ajiye asalin yaro a rubuce, sai mu faɗa cikin wanda ya fi shi muni. Ga shi kuma ofisoshin jakadanci sukan nemi gwajin jini na gano nasaba in sun yi shakka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in asiri ya tonu yaron ne farkon wanda zai rasa makoma.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ban tsoro. Yaron da ya shiga ƙasa da sunan ƙarya ba wanda ke bibiyarsa. Victoria Climbié yarinya ce daga Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa. Iyayenta suka ba wa wata gwaggon mahaifinta ita a 1998 don ta sami ilimi a Turai. Matar ta fita da ita da fasfo na wani suna a matsayin 'yarta, ta kai ta Faransa, sannan Landan. A watan Fabrairu na 2000 yarinyar ta rasu tana da shekara 8, likita ya ƙirga raunuka 128 a jikinta. Iyayen ba mugaye ba ne, sun yi abin da iyayenmu ke yi kullum: sun amince da 'yar uwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

DON WA AKE ƊAUKAR YARON?

Kafin a sayi fom, a tsaya a yi wa zuciya wannan tambaya. In uwar yaron tana raye kuma talauci ne kaɗai damuwarta, to kuɗin lauya da na jirgi da na biza zai iya biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta duka, ya kuma ba ta jarin sayar da waake ko koko da ƙosai. Shari'a ta ba uwa haƙƙin reno kafin kowa, bayanta a Malikiyya sai kaka ta wajen uwa, sannan 'yar uwar uwa. Annabi Musa (A.S.) ya tashi a fadar da ta fi kowace wadata a zamaninsa, amma duk da haka Allah Ya mayar da shi ga ƙirjin mahaifiyarsa don hankalinta ya kwanta, kamar yadda Suratul Ƙasas ta ba da labari. Kafala ba ta sharɗanta yaro ya kwana a ɗakinka ba. Wanda ya riƙa aika kuɗin wata ba fashi, yana waya da malamin makaranta, yana zuwa duba yaron, shi ma mai riƙon maraya ne.

Haka nan yardar uwa sai ta zama yarda ta gaskiya. Matar da ke cikin takaba, dangin miji sun kewaye ta, kunya ba za ta bari ta ce a'a ba. A bari ta fita takaba, a tambaye ta ita kaɗai, a kuma bayyana mata da Hausa cewa a dokar can hukuncin kotu yana yanke haƙƙinta, kuma mai yiwuwa ta shekara da yawa ba ta ga ɗanta ba. In yaron ya yi wayo shi ma a ji ta bakinsa, yadda aka ji ta bakin Zaidu.

Duk da haka akwai lokacin da ɗaukar ita ce daidai: iyaye duka sun rasu, kaka ta tsufa, babu amintaccen hannu a gida, ko yaron yana da ciwon da maganinsa sai a can. A irin wannan hali, ɗan uwan da ke da iko ya noƙe don gudun wahalar takarda, shi ne mai laifi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

SHIRIN CIKIN GIDA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Hanyar doka tana da dogon jira, wannan jiran kuwa dama ce ta gyara gida.

Abu na farko, uwargida. Sau da yawa maigida ne ke ɗaukar alkawari a gaban dangi don a ce ya yi zumunci, alhali matar ce za ta tashi da dare in yaro ya yi fitsarin kwance, ita za ta raka shi makaranta bayan ta kwana a wurin aiki. Shari'a ba ta wajabta mata renon ɗan ɗan uwan mijinta ba, in ta yi to kyautatawa ce. A nemi yardarta da gaske, a kuma zauna a tsara wa zai kasance a gida a wane lokaci. A zango yaro yana da iyaye goma a tsakar gida, a can kuwa ƙofa a kulle take, in miji da mata duka suna aikin dare to wa aka kawo wa yaron?

Na biyu, 'ya'yan gida. A sanar da su tun da wuri, da gaskiya: ɗan marigayi Baffa ne zai zo ya zauna da mu, za ku raba ɗaki, abin da ake saya muku zai ragu kaɗan. Yaron da aka yi shawara da shi yakan karɓi baƙo a matsayin ɗan uwa, wanda aka yi wa ba-zata kuwa kishiya yake gani.

Na uku, kuɗi. Kada a ci kuɗin haya da na cefane don biyan lauya, domin ciyar da iyali wajibi ne da ya riga. A ware asusu dabam, a riƙa zubawa kaɗan kaɗan kamar adashi. In kuma marayan yana da gadon ubansa, ko ɗaki ɗaya ne a Fadama, ko gwamnatin can tana ba da wani tallafi da sunansa, a rubuta a ajiye. Farkon Suratun Nisa'i ya yi magana mai zafi a kan dukiyar maraya, ya kuma yi umurni a kafa shaidu ranar miƙa masa ita.

Na huɗu, masu binciken gida. Ma'aikatan jin daɗin jama'a za su zo su duba ɗakuna, su tambayi albashi da lafiya da yadda ake horon yara. Mu ba mu saba da baƙo ya leƙa mana ɗaki ba, amma mu ɗauke shi a madadin idon maƙwabta da mai unguwa da muka baro a gida. A faɗa musu gaskiya. A Ingila ma doka ce, duk wanda ya ajiye yaron da bai kai shekara 16 ba har kwana 28, in ba danginsa ne na kusa sosai ba, sai ya sanar da hukumar yankinsa.

Na biyar, kuma shi ne ma'aunin duka, adalci a ƙananan abubuwa. Wa ke wanke kwanuka kullum? Wa aka saya wa sabuwar rigar sanyi, wa aka ba tsohuwa? Wa ake kai wa makarantar allo ranar Asabar, wa ake bari ya yi renon jariri? Mun san gidajen da 'yar riƙo ta zama 'yar aiki marar albashi, ana yi mata riƙon sakainar kashi, ana kuma yi mata gori cewa an fito da ita daga wahala. Wanda ya san a ransa mai taya aiki yake nema, to ya ɗauki ma'aikaciya ya biya ta, ya ƙyale marainiyar Allah.

Sa'annan a tuna yaron zai iso da baƙin ciki biyu, na mutuwa da na rabuwa. Zai ƙi abinci, zai yi shiru, wataƙila ya yi rashin ji. A dafa masa tuwon da ya saba, a yi masa Hausa, a ajiye hoton iyayensa inda zai gani, a sa rana a kowane mako da zai yi waya da kakarsa. In ya kira mariƙinsa Baba don girmamawa babu laifi, haka muke kiran duk wanda ya haife mu a shekaru, muddin ya san sunan wanda ya haife shi kuma yana yi masa addu'a.

A lokacin jira kuwa, haƙƙin yaron ya riga ya hau wuya. Kada a cire shi daga makaranta a ce ai ya kusa tafiya, kada kuma a cika masa kunne da labarin Turai, domin takarda tana iya faɗuwa. In ta faɗi, amanar ba ta faɗi ba, sai a ci gaba da riƙonsa daga nesa.

NAUYIN DA KE KANMU

Mu matasa mu ne ke karanta wa iyayenmu wasiƙun ofis, mu ne ke cika musu fom. Saboda haka ƙaryar takarda ta hannunmu take bi. In Alhaji ko Hajiya suka ce a rubuta abin da ba shi ne ba, sai mu russuna mu ce, Baba a yi haƙuri, ga abin da Allah Ya ce, ga kuma abin da zai sami yaron in an gane. Ƙungiyoyinmu na gida su san marayun unguwarsu da wanda ke riƙe da kowanne. Na ƙetare kuma su san duk yaron da aka kawo, su riƙa ziyarta, su tambaye shi da kansa yadda yake. Waɗanda suka yi boko a cikinmu su shiga aikin lauya da aikin jin daɗin jama'a, domin al'ummarmu tana da ƙarancinsu ƙwarai.

Maraya ba shi da uban da zai tsaya masa a gaban dangi, Allah ne wakilinsa, kuma Shi zai tambaye mu a kansa. Muna roƙonSa Ya jiƙan iyayen da suka riga mu, Ya raya abin da suka bari, Ya ba masu riƙo haƙuri da wadata da adalci, Ya kuma azurta waɗanda ke neman haihuwa da zuriya ta gari. Amin.